Zinariya da Dokar da Ba Doka Ba

Ƙofar Zinariya Amadou tana kallon tawa a ɗaya daga cikin jajayen benayen unguwar Parkchester da ke Bronx. Ni Bakanuwa ce, aikin sakatariya ya kawo ni ofishin jakadancinmu da ke Manhattan. Ita kuwa 'yar Maraɗi ce, ta riga ni zuwa New York da shekaru masu yawa. Ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa ta gaske, ita ta gargaɗe ni cewa in jirgin ƙasa lamba shida ya tsaya a tsakiyar bazara na ga tarago ɗaya fayau babu kowa, kada in yi murna in shiga, na'urar sanyinsa ce ta mutu. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Turai.

Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwanta duk tabon ƙuna. Mahaifinta marini ne, a cikin baba da ruwan toka ta tashi. Ta yi 'yar makarantar boko da Faransanci kafin a yi mata aure da Amadou, direban mota, wanda ya riga ta ƙetarowa sannan ya aika mata ta biyo shi da 'yarsu Hanan a goye. Amadou ya yi shekaru yana tuƙa tasi, rabin rayuwarsa a layin jiran fasinja na filin jirgin saman JFK, ita kuma tana kitso a wani shago a Harlem. Da ciwon sukari ya taɓa idanunsa tuƙi ya gagara, sai ya zama dole ta nemi aikin da ke da inshorar asibiti. Haka ta shiga gidan wanki.

Ba irin gidan wankin unguwa ba ne. Ƙaton gini ne a Hunts Point, tsakanin rumbunan kaya, inda ake wanke zannuwan gado da tawul da mayafan tebur na otal-otal ɗin Manhattan. Ba zan ambaci sunansa ba. Akwai injinan wanki kowanne kamar ɗaki, da na busarwa, sai kuma dogon injin guga, wanda mutum biyu ke tsayawa a bakinsa suna miƙa masa jiƙaƙƙen zani, ya ja shi cikin ƙarafa masu zafi ya fito da shi a ninke a ɗaya ƙarshen. A nan aka ajiye Zinariya. Abokin tsayuwarta wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, Baba Gariba, gajere mai raha, wanda Hausarsa ke ba ta dariya kamar yadda tata ke ba shi.

Da hunturu wurin yana da daɗi. Da bazara kuwa, in ji ta, gumi har cikin takalmi yake taruwa, mutum ya taka ya ji yana caɓal-caɓal. Mata sukan jiƙa ɗankwali su ɗaura, kafin su miƙa zani goma ya bushe. Wanda ya ji jiri sai ya jingina da bango, in sufabaiza ya waiwayo ya miƙe.

Wata bazara wata matashiya ta faɗi ta mutu a bakin injin a wani gidan wanki a Queens. Jaridu suka ɗauka. Wani ofishin gwamnati mai kula da ma'aikata ya kira ƙungiyar masu gidajen wanki da ƙungiyar ƙwadago, aka ce a zauna a samo mafita. Jami'ar ƙwadagon da ke kula da gidan su Zinariya wata 'yar Dominika ce, Marisol, mace mai kazar-kazar. Ita ta zaɓi Zinariya ta je ta yi bayanin zafin da bakinta, saboda ta lura ba ta jin tsoron fuskar kowa. Zinariya ba ta taɓa cewa ƙungiyar ƙwadago ba, sandika take cewa, yadda ake faɗi a Nijar.

An daɗe ana zama kafin a daidaita. Abin da aka amince a kai shi ne: za a rataye ma'aunin zafi a bangon wurin aiki, da jan layi a jikinsa. In zafi ya kai layin, za a riƙa tsayar da injina kowace awa a huta. Za a ware ɗaki mai na'urar sanyi, a ajiye ruwan sanyi. Kuma kowane ma'aikaci yana iya kiran hutun ba tare da an hukunta shi ba.

Ranar sa hannu ta ci ado da shuɗiyar shaddarta. An yi taron a wani babban zaure a ƙasan Manhattan, ga tutoci, ga tambarin gwamnati a jikin mumbari, ga masu ɗaukar hoto. Wata babbar jami'a ta sa hannu, shugaban masu gidajen wanki ya sa, shugaban ƙwadago ya sa, Zinariya tana tsaye a bayansu. Jami'ar ta juyo ta riƙe hannunta da hannu biyu ta ce daga yau ba wanda zai sake mutuwa saboda zafi. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ƙwanƙwasa mini.

"Turai, gwamnati ta sa hannu da idona na gani. Doka ce yanzu. Wanda ya taka ta, shi da hukuma."

Ni ma haka na ɗauka. Na taya ta murna, muka sha shayi.

Bazarar farko, ranar da ma'aunin ya taɓa jan layi, kowa ya ga ya taɓa amma ba wanda ya motsa. Zinariya ta ajiye zanin da ke hannunta ta danna maɓallin tsayar da injin guga. Sufabaiza ya taho a guje yana hargagi, ya kai hannu zai kunna. Ta tare shi da ɗan Turancin da take da shi.

"Is the law. You touch, you go jail."

Mai gidan wankin, wani tsoho ɗan asalin Italiya mai suna Mista Rinaldi, ya sauko daga ofishinsa. Ya dubi ma'aunin, ya dube ta, ya dubi ma'aikatan da suka yi cirko-cirko. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya ce wa sufabaizan, "Ƙyale su su huta."

Daga ranar aka sa mata suna Madam Law, wato uwar doka. Shekara biyar, duk bazara, ita ce mai kallon bango. 'Yan Haiti da 'yan Bangladesh da 'yan Gini duk ita suke jira ta ɗaga hannu. Sabuwar ma'aikaciya in ta zo tana ɗari-ɗari, Zinariya za ta ja ta gaban ma'aunin ta ce, "Kin ga layin nan? In ya kai, ki tsaya. Wallahi ba mai korar ki, doka na bayanki." A shekarun nan ba wanda aka fitar daga gidan a motar asibiti. Baba Gariba yakan zauna a ɗakin sanyi ya miƙe ƙafa ya ce, "Mma, Allah shi biya ki. Daɗi paa."

Sai Mista Rinaldi ya tsufa ya sayar da wurin ga wani babban kamfani daga wata jiha. Aka kawo sabon manaja, Mista Corbin, matashi mai sanyin murya wanda ke gaida kowa da sunansa. Hunturu ya wuce lafiya. Ma'aunin yana nan a bango, ba wanda ya taɓa shi.

Ranar zafi ta farko a watan Yuni Zinariya ta danna maɓalli kamar yadda ta saba, mutane suka nufi ɗakin sanyi. Suka tarar da shi a kulle. Suna tsaye a bakin ƙofar sai ga Mista Corbin.

"Wa ya tsayar da injin?"

"Ni ce," in ji Zinariya.

"Ya lalace ne?"

"Zafi ya kai layi. Doka ce."

"Wace doka?" Ba da faɗa ya tambaya ba.

Ta yi masa bayani, ta ce tana wurin aka sa hannu. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Misis Amadou, wannan ba doka ba ce. Alkawari ne kamfanoni suka ɗauka don raɗin kansu. Tsohon mai gidan ya ga dama ya shiga, mu kuma mun fita tun watan da muka sayi wurin nan. Ƙungiyarku ta sani. Ruwa ga shi can, kowa ya sha. Amma injin ba zai riƙa tsayawa kowace awa ba."

Dariya ta yi masa. Ta ce masa shi yaro ne, baƙo ne kuma, zai ga 'yan sanda kafin la'asar. Ta fita waje ta kira Marisol.

Marisol ba ta ce komai a waya ba sai, "Zan zo in an tashi." Da aka tashi Zinariya ta same ta a mota a bakin ƙofa. Zinariya ta shiga tana ta zuba, tana cewa a kira ofishin gwamnati tun kafin a rufe. Sai ta lura Marisol ta riƙe sitiyari tana kallon gaba.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Marisol.

"Wace gaskiya?"

"Ba doka ba ce. Ba ta taɓa zama doka ba. Yarjejeniya ce ta ganin dama. Wanda ya so ya shiga, wanda ya so ya fita."

Zinariya ta ce mini a lokacin ji ta yi kamar kujerar motar ta zame daga ƙarƙashinta.

"Ke kin san haka tun farko?"

"Na sani."

"Kin sha ji ina cewa doka ce?"

"Na ji."

"Kina tsaye ina gaya wa mutane za a ɗaure sufabaiza?"

Marisol ta share ido da bayan hannu. "Abin yana aiki ne, Zinariya. Na ga yana aiki, sai na ji tsoron in na gyara miki zai daina. Da waɗannan suka fita kuma, na yi ta bin su, ina sa ran in dawo da su kafin zafi ya shigo."

Zinariya ta buɗe ƙofa ta fita. A ƙafa ta tafi har tashar jirgi.

Da magariba ta shigo wurina ta zauna a kan kujera da takalmin aiki a ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunta a bushe. Na ɗauka Amadou ne wani abu ya same shi. Da ta gaya mini, ni ma na saki baki.

"Na rantse ma mutane da Allah, Turai," ta ce. "Mata masu 'ya'ya. Na ce su tsaida injin, ba mai korar su. Ashe ba komi bayansu, sai bakina."

Duk da haka ba ta gama yarda ba. Ta ce sandika na iya ƙarya, manaja na iya ƙarya, amma gwamnati ba za ta kafa tutoci a kan banza ba. Na ɗauki hutun yini na raka ta ofishin don in yi mata tafinta. Babbar jami'ar da ta riƙe mata hannu ta daɗe da barin wurin. Wani matashi mai ladabi ya karɓe mu, har ya gane ta, ya ce hotonta yana rataye a zaurensu. Ya yi bayani a tsanake. Ya ce kafa doka yana cin shekaru, masu kamfanoni za su yaƙe ta, wataƙila ma ta mutu a hanya. Shi ya sa aka zaɓi a zauna a sasanta, kowa ya kawo abin da zai iya, a fara ceton mutane tun a bazarar. Ya ce ba a ɓoye wa kowa ba cewa ta ganin dama ce.

"Tambaye shi," ta ce mini, "yanzu da sunka hita, mi gwamnati za ta yi musu?"

Ya ce za a cire sunan kamfanin daga cikin waɗanda ofishin ke yabawa.

"Sai kuma mi?"

Ya ce shi ke nan. Ya ƙara da cewa in aka samu wanda zafi ya yi wa lahani, tana iya kai ƙara, masu bincike za su je.

"Wato sai wani ya faɗi tukuna."

Na fassara masa. Ya sunkuyar da kai yana juya alƙalami. Muka fito. A cikin lif ta jingina da bango ta rufe ido, har muka sauka ba ta buɗe ba.

A makon aka tara ma'aikata aka sanar cewa duk wanda ya tsayar da injin ba da izinin sufabaiza ba, a bakin aikinsa. Ba wanda ya dubi Zinariya, kuma hakan ya fi yi mata ciwo a kan a zage ta. Sunan Madam Law ya ɓace daga bakin mutane. Ita kuma ta daina ɗaga hannu. Allurar Amadou da likitan idonsa duk a kan inshorarta suke, Hanan kuma tana tsakiyar karatun jinya.

Watan Yuli ya zo da zafin da ko a waje mutum ba ya iya tsayuwa a rana. Wata ranar Laraba ma'aunin ya wuce jan layi tun da hantsi. Bayan azahar Zinariya ta lura Baba Gariba ya daina raha. Ta dube shi ta ga fuskarsa a bushe ƙamas, alhali ita gumi na zuba mata har cikin ido. Ta ce, "Baba, lahiya?" Ya amsa mata da Tuwi, yaren mutanen Kumasi da ya san ba ta ji, yana kiran sunan wata da ba ta sani ba. Gefen zaninsa ya fara shiga injin a karkace.

Maɓallin yana daidai gwiwar hannunta. Ta ɗora yatsa a kai. Ta hango sufabaiza yana kallon su daga nesa. Ta ce wa kanta bari wannan zanin ya wuce, sai ta je ta roƙe shi. Zanin ya wuce, ta ɗauko wani. Tana miƙa wa Baba Gariba gefensa sai ya sulale ƙasa, kansa ya bugi ƙafar injin.

Sai a sannan ta danna. Ita ta cire masa riga, ita ta yi ta kwara masa ruwa har motar asibiti ta iso. Ya rayu, amma likitoci suka ce ƙodarsa ta taɓu, ba za ta dawo daidai ba.

Na raka ta dubiya da ya farfaɗo. Ta tsaya a ƙarshen gado ta kasa matsowa. Ya yafito ta da hannu.

"Mma, zo nan. Mene kike tsaye kamar baƙo?"

"Baba, hannuna na bisa maɓallin. Na gan ka. Ban danna ba."

"Ni ma na ga layin," ya ce a hankali. "Ni ma ina da hannu biyu. Zauna."

Ta zauna. Masu bincike sun je daga baya, aka ci kamfanin 'yar tara, aka ƙara fankoki, aka buɗe ɗakin sanyi lokacin cin abinci kawai.

Marisol ta yi ta kira, Zinariya ba ta ɗauka. Da kaka ta shigo sai Marisol ta zo har gida. Ta ce za a yi taron bitar yarjejeniyar, gwamnati da masu kamfanoni da ƙwadago duk za su hallara, tana roƙon Zinariya ta je. Zinariya ta ce ta gama zuwa zauren tutoci. Amadou ne, yana zaune a lungunsa da baƙin tabarau, ya ce, "Ki tahi. Wancan karon kin tahi da ido, wanga karon ki tahi da kunne." Ta tafi, ni ma na bi ta.

Abin da muka ji a taron bai taɓa zuwa mana a rai ba. Aka ba ma'aikatan sauran gidajen wanki dama su yi magana. Wani ɗan Haiti ya ce a wurinsu an rataye ma'aunin, amma a ofishin manaja, kusa da na'urar sanyi. Wata 'yar Bangladesh ta ce ɗakin sanyinsu sito ne na sabulu, ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Wani kuma ya ce shi sai a makon nan ya fara jin akwai wata yarjejeniya, alhali sunan kamfaninsu yana cikin waɗanda ake yabawa. Sannan wata malamar jami'a da aka ɗauka ta bi diddigi ta tashi. Ta ce a cikin dukan gidajen da suka sa hannu, kaɗan ne suka cika ko rabin alkawarin. Gida ɗaya ne tak aka riƙa tsayar da injina duk bazara ba fashi, har zuwa lokacin da aka sayar da shi. Ta ambaci sunan gidan su Zinariya.

Zinariya ta dafa cinyata. "Mi ta ce?"

Na fassara mata. Ta ce in sake, na sake.

"Mu kaɗai? Duk shekarun nan, sauran suna cikin wuta?"

Da aka fita shan iska muka ci karo da Mista Rinaldi a baranda, yana dogara sanda. An gayyace shi a matsayin tsohon mamba. Ya ji labarin Baba Gariba, ya tambayi jikinsa. Zinariya ta amsa a taƙaice, sannan ta ce in tambaye shi ko shi ma ya san ba doka ba ce.

"Lauyana ya gaya mini tun kafin in sa hannu," ya ce. "Ba don haka ba, da ban sa ba."

"To ran da na tsaida injin, don mi bai gaya mini ba?"

Tsohon ya ce, "Da niyyar gaya miki na sauko. Sai na ga mutanen nan duka suna kallon ki, sun yarda. Na kasa zama mutumin da zai ce musu ba haka ba ne, ku koma cikin zafi. Daga baya na ga ma'aikata sun daina gudu na da bazara, na ce to, ba a yi asara ba. Amma kunya ce ta fara hana ni." Ya gyara riƙon sandarsa. "Da zan sayar, na so in sa wa masu saye sharaɗi su ci gaba. Suka nuna ba sa so, ni kuma ban matsa ba."

Ya tafi. Zinariya ta bi shi da kallo har ya shige.

"Mai gida ya sani," ta ce. "Sandika ta sani. Gwamnati ta sani. Ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ni kaɗai na riƙe ta."

A jirgi muna dawowa ta yi ta kallon hannuwanta.

Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ta kira Marisol. Ba ta gaishe ta ba. Ta ce tambaya ɗaya gare ta, kuma tana son amsa ba kwana-kwana: a ƙasar nan, wace magana ce in kamfani ya karya ta za a iya tilasta masa? Marisol ta ce wadda aka rubuta a cikin kwantiragin ƙungiya da kamfanin, domin ita akwai mai yanke hukunci a kanta. Ta ce kwantiragin gidan su Zinariya zai ƙare a ƙarshen bazara mai zuwa.

Duk hunturun nan Zinariya ta yi shi tana bin ma'aikata gida-gida, ranakun hutunta. Hanan ce ke tuƙa ta, uwar na magana da Hausa 'yar na amsawa da Turanci. Ko'ina ta shiga sai ta fara da cewa abin da ta gaya musu a da ba haka yake ba, sannan ta ce a wannan karon kada su yarda da bakinta, su tambayi lauyan ƙungiya da kansu. Wasu sun saurara. Wata 'yar Gini ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wancan karon ma da Allah kika rantse," ta rufe.

Kamfanin ya ƙi sa maganar zafi a kwantiragi har aka shiga Agusta. Ma'aikata suka kaɗa ƙuri'ar yajin aiki, da kyar ta wuce. Sai dai lokacin ya yi musu daidai, domin a watan Satumba shugabannin duniya ke cika garin don taron Majalisar Ɗinkin Duniya, otal-otal ba su da gado ko ɗaya a banza, kuma ba otal ɗin da zai yarda ya kwana babu zanin gado. Kamfanin ya sauko. Amma bai ba da duka ba. An ɗaga jan layin sama da inda yake a da, an rage tsawon hutun, kuma ba kowa ke da ikon tsayar da injin ba sai wakili ɗaya da ma'aikata suka zaɓa.

Na ɗauka ba sai an yi zaɓe ba. Aka yi, suka zaɓi wata 'yar Haiti. Zinariya ta zo ta biyu, da tazara. Da ta gaya mini sai da na ajiye abin da ke hannuna. Ita kuwa ta ɗaga kafaɗa ta ce matar tana karanta Turanci, kuma ba ta taɓa rantse wa kowa ba. Amma na ga yadda ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Yarjejeniyar ta ɓangarori uku tana nan har yanzu, an ɗan gyara ta, ana aika masu dubawa jefi-jefi. Duk shekara ana gayyatar Zinariya taro, ba ta zuwa. Tsakaninta da Marisol sai gaisuwa da maganar aiki. Na taɓa tambayar ta ko tana ganin abin duk banza ne.

"Ba ni cewa banza ne. Shekara biyar mun sha ruwan sanyi, ba wanda ya faɗi. Amma in za a ba mutum abu, a gaya mishi ko mine ne anka ba shi."

Tana nan a bakin injin guga, da wani sabon abokin tsayuwa. Baba Gariba yana Tompkinsville, a tsibirin Staten Island, wurin ɗansa Kudus, ana kai shi wankin ƙoda. Ranar Lahadi Zinariya takan dafa tuwon masara da miyar kuɓewa, ta hau jirgin ruwa zuwa Staten Island. Hanan ta hana a sa masa gishiri da kanwa, ita kuma tana bin umarnin sau da ƙafa. Na bi ta sau ɗaya. Ya rame ƙwarai, amma bakinsa na nan. Ya kai loma biyu, ya dube ni ya ce, "'Yata, ki gaya wa yayarki, likita cewa ya yi a rage gishiri, bai ce a kashe miya ba." Zinariya ta tura masa kwanon gabansa ta ce ya cinye, ba za ta koma Bronx da saura ba.